Icce Tun Yana Ɗanye: Tarihin Gyaran Karkataccen Ƙashin Baya

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin mamaki shi ne, a 1741 wani likitan Faransa, Nicolas Andry, ya sa hoton karkatacciyar itaciya ɗaure da turke a littafinsa na gyaran ƙasusuwan yara. Wannan hoto ne ya zama tambarin likitocin ƙashi na duniya.

Da farko ya kamata mai karatu ya bambance ciwo biyu. Akwai ƙusumbin da tarin fuka kan jawo in ya ci ƙashin baya, wanda Percivall Pott na Ingila ya bayyana a 1779. Akwai kuma karkacewar ƙashin zuwa gefe, wadda kan ɓullo dab da balaga, ta fi kuma tsananta ga 'yan mata. Galibi ba a san sanadinta ba, kuma ɗaukar farantin talla ba shi ke kawo ta ba.

Mutanen da sun jarraba ƙarfin tuwo. Likitan Girka, Hippocrates, yakan ɗaure majiyyaci a kan katako, a ja, a danna. A ƙarni na 16 Ambroise Paré na Faransa ya ƙera rigar ƙarfe mai huji-huji. Sai a 1921 Katharina Schroth, wadda ita kanta ta yi fama da ciwon, ta buɗe wurin koyar da motsa jiki da sarrafa numfashi a Meissen ta Jamus. Daga nan Amurka ta fito da rigar Milwaukee a 1946, sannan ta Boston, ta roba mai tauri, a 1972.

To, shin rigar na aiki? An daɗe ana gardama, har wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa kashi 72 cikin 100 na yaran da suka sa ta ba su kai matakin tiyata ba, alhali cikin waɗanda aka zuba wa ido kawai kashi 48 ne. Amfaninta dai shi ne hana karkacewar ƙaruwa muddin yaro na girma.

A ƙasar Hausa, aikin ƙashi na masu ɗori ne tun kaka da kakanni, sai dai wannan ba karaya ba ce, ɗori ba ya yi mata magani. Asibitin ƙashi na Dala a Kano ya soma aiki a 1959, kuma nan da asibitin koyarwa na Shika a Zariya ne inda mutumin Kakuri, Makera ko Barnawa zai iya dosa.

Saboda haka, jama'a, mu lura da ƙannenmu. A sa yarinya ta sunkuya. In gefe ɗaya na bayanta ya fi tudu, a kai ta a ɗauki hoto. In aka bari girma ya tsaya, riga ba ta da sauran amfani, mai tsanani kuwa sai wuƙar likita.