Ruwan zafi a turmin gyaɗa: tarihin mai a Matamaye

Gyaɗa baƙuwa ce a ƙasarmu, ta dai daɗe ne har aka manta. Daga Kudancin Amurka 'yan Fotugal suka kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, ta yi ta gangarowa arewa har ta samu rairayin da take so. Abin miya ce da kunu kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Shekara ta zagayo, ciniki ya buɗe, manomi ya ga kuɗi. Mu mutanen ƙasar Kance da Magarya, da yake Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, gyaɗarmu ta can take bi zuwa Legas, ta hau ruwa sai Faransa. Kamfanonin Faransawa irin su CFAO da SCOA su ke ɗora buhu a sikeli, su ke faɗin farashi, manomi kuwa ga haraji na jiransa, ina zai yi gardama?

Aka kafa masana'antar matsar mai a nan Matamaye, kamar yadda aka yi a Maraɗi da Magarya. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA ta karɓe cinikin. Gyaɗa ce ta riƙe Nijar har aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Sai fari ya zo ya yi ta'asa, a 1975 kuma kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki tun daga nan har Kano. Cinikin bai sake miƙewa kamar da ba.

Duk wannan hawa da sauka an yi shi ne a gaban sikeli. A bayan gida akwai wata sana'ar da babu wanda ya taɓa rubuta lissafinta, kuma a ganina ita ta fi cancantar a ba da tarihinta, don ita ce ta rage. Goggona da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. A ɓare gyaɗa, a soya, a murje, a fece, a daka ta har ta yi laushi tana maiƙo. A lokacin inji bai yawaita ba. Sai a zauna gaban turmi ana juyawa da taɓarya, ana tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Da farko kamar aikin banza. Can sai ƙullun ya fara curewa yana duhu, mai ya taso samansa garai-garai, a kwashe da ludayi, a matse tunkuza da hannu, a mulmula ƙuli-ƙuli a soya shi cikin man da ya fito daga jikinsa. Idan hannu ya zarce ruwa ya yi yawa, komai ya dame, mai ya ƙi fita. Goggo takan ce wata mai baki ce ta leƙo turmin.

Me ya sa ruwa ke korar mai? Amsar tana cikin siffar ƙwayar ruwa, kuma sai a tsakiyar ƙarnin jiya aka tsara bayaninta yadda ɗalibi zai riƙe. Masana kimiyya Sidgwick da Powell suka faro a Ingila a 1940, Gillespie da Nyholm suka ƙarasa a Landan a 1957. Ƙwayar ruwa zarrar oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu. Kewaye da oksijin akwai elektron takwas, bibbiyu a haɗe, tagwaye huɗu ke nan. Cajinsu iri ɗaya ne, saboda haka zaman kishiyoyi suke yi, kowace tana neman kusurwar da ta fi nisa da sauran. Tagwaye huɗu idan suka rabu daidai, digiri 109.5 ke tsakaninsu. Amma a ruwa biyu ne kawai ke riƙe da haidirojin, sauran biyun ba su riƙe kowa ba, sun fi cin wuri, sai suka matse na riƙon zuwa digiri 104.5. Ƙwayar ta lanƙwashe. Gefen oksijin ya ɗauki caji iri ɗaya, gefen haidirojin ya ɗauki kishiyarsa. Da miƙaƙƙiya ce kamar ƙwayar iskar kabon da muke fitarwa, mai digiri 180, da jan wannan gefe ya soke na wancan.

To, furotin da sitacin da ke cikin ƙullun gyaɗa suna da wuraren caji, ruwa na zuwa sai ya manne musu su dunƙule. Mai kuwa dogayen sarƙoƙin kabon da haidirojin ne da ba su da inda ruwa zai kama, dole ya fita. Zafin kuma yana tsinka man ya yi saurin gudu.

Siffar ce dai ta raba man gyaɗa da kitse. Inda kabon biyu suka yi riƙo mai ninki biyu, rukunin elektron uku ne ke kewaye da kowanne, kusurwar ta koma wajen digiri 120, sarƙar ta karkace. Man gyaɗa cike yake da irin wannan karkata, ƙwayoyinsa ba sa jeruwa su daskare da wuri. Shi ya sa da sanyin hunturu man shanu da manja su yi barci a ƙwarya da kwalba, na gyaɗa sai dai ya ɗan yi gajimare.

Yau inji ya ɗauke wa mata daka, ruwan zafi da juyi dai suna nan. Abin da ya takura su shi ne man jarka da ake shigowa da shi daga waje, ya fi nasu araha. Da yawansu za su gaya maka mai kuɗin gyaɗa kawai yake mayarwa, ribar tana cikin ƙuli-ƙuli da tunkuzar da masu kilishi da masu tsire ke saye.