Wa Ke Biyan Ƙafar Ma'aikaci a Meiganga?

Kawuna karen mota ne a hanyar Meiganga zuwa Ngaundere, tun zamanin da hanyar take jar ƙasa. Aikinsa a kan tudu shi ne ya dira da weji a hannu, ya cusa shi ƙarƙashin taya kafin mota ta zame baya. Wata damina wejin ya suɓuce a laka, taya ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu. Mai motar ya biya maɗori, ya aiko da buhun masara biyu, sannan ya ɗauki wani yaro. Kakata ta sayar da saniyarta ɗaya tilo don jinya. Kawu ya rayu shekaru masu yawa yana ɗingishi, yana sayar da goro a bakin tasha. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, ba a biya ka diyya ba?" Ya ce, "Ɗana, ƙaddara ce. Amma da birkin motar nan yana ci, da ban sauka ba."

Wannan amsar ce ta sa na bi tarihin abin, don in san tun yaushe aka fara ɗora wa mai aiki nauyin jikin wanda yake yi masa aiki a ƙasarmu.

A zamanin fatauci, lokacin da kakanninmu suke shigowa ƙasar Baya da Fulani ɗauke da kanwa da tufafi, babu takarda. In sa ya soki mai kora, ko ɗan alaro ya karye, ubangidansa da danginsa ne suke ɗauka, gwargwadon imani da kunya. Zuwan Turawa ya kawo aikin da babu ko wannan kunyar a cikinsa. Faransawa sun karɓi yankinmu daga hannun Jamusawa a 1916, aikin tilas kuma ya ci gaba: dako, sharar hanya, tatsar roba. A makwabta, ginin layin dogo na Kongo zuwa bakin teku, daga 1921 zuwa 1934, ya ci rayukan mutane aƙalla 17,000. Irin wannan azaba na cikin abin da ya tayar da yaƙin Kongo-Wara a 1928, wanda Karnu ya jagoranta a ƙasar Baya ta wajen Babuwa, har wutarsa ta tsallako Kamaru. A shekarun 1930 kamfanonin Turawa suka fara haƙar zinariya a wajen Betare-Oya, kudu da mu. Alhali Faransa tana da dokar biyan diyyar haɗarin aiki tun 1898, Jamus kuwa tun 1884. Leburan da ke wanke yashi a rafin Lom bai san da su ba.

Sai a 11 ga Afrilu 1946 aka haramta aikin tilas, ta dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A 1952 aka kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ke mulka. Bayan 'yancin kai, a 1967, Kamaru ta kafa asusun kula da ma'aikata, wato CNPS, sannan dokar 13 ga Yuli 1977 ta tsara yadda za a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a dalilin aiki. Sunan dokar ma ya haɗa abu biyu, biyan diyya da kare aukuwar haɗarin.

Tsarin yana da sauƙin ganewa. Mai aiki ne kaɗai ke zuba kuɗin wannan fanni, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. An kasa sana'o'i gida uku bisa haɗarinsu: kashi 1.75 cikin ɗari na albashi, kashi 2.5, da kashi 5. Ke nan a albashin sefa 100,000, mai sana'a mafi haɗari zai zuba 5,000 a wata, mai mafi sauƙi 1,750. In tsautsayi ya faɗa, asusun ya biya magani, ya ba ma'aikaci wani kaso na albashinsa har ya warke, in ya nakasa a yanka masa abin da zai riƙa karɓa, in ya rasu a ba iyalinsa. Sharaɗin shi ne a ce an yi masa rajista tun farko. A nan gizo ke saƙar. Mahauci, ɗan dako, karen mota, ɗan acaba da mai haƙar zinariya, waɗanda su ne akasarin masu neman abinci a garinmu, yawancinsu ba sa cikin littafin kowa. A wurinsu har yau asusun shi ne saniyar kaka.

Mutanen Mbere, yankin da Meiganga take, sun ga wani salo dabam tsakanin 2000 da 2003, lokacin da aka shimfiɗa bututun man Cadi daga Doba zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya ratsa yankinmu. Samarin da suka samu aiki a can sun dawo da hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki. Wani abokina da ya yi lebura a wurin ya ba ni labarin cewa kowace safiya sai an tara su an faɗi haɗarin aikin ranar, kuma direban da aka kama bai ɗaura bel ba yana iya rasa aikinsa. Na yi imani lissafi ne ya sa su haka. Mutum ɗaya ya karye, aiki ya tsaya, a yi bincike, a nemo wani a koya masa, a gyara injin da ya lalace. Kuɗin hula bai kai kuɗin kwana ɗaya na tsayawar aiki ba.

Bututu ya wuce, darasin bai zauna ba. Yau samarinmu suna ramukan zinariya na Kombo-Laka da Betare-Oya. Rami yakan yi zurfi babu itacen tokara, a ci gindin bango don bin jijiyar zinariya, ruwan damina ya jiƙa ƙasa, ta rufta. Wasu suna ƙona zaiba da hannu suna shaƙar hayaƙinta. Ga kuma manyan ramuka da masu injuna suka bari a buɗe, sun cika da ruwa, suna cin yara da shanu. In rami ya rufta da mutum, mai rami ya sayi likkafani, ya ba iyali abin da ya sawwaƙa, abokan aiki su yi karo-karo. Mai ramin ma ya yi asara, don wurin yakan rufe, jarinsa ya nutse a ciki. Da ya sayi itacen tokara da injin janye ruwa, ya hana shiga rami washegarin ruwan sama, da abin da zai kashe bai kai rabin haka ba.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne, a cikin Meiganga ɗin nan Jami'ar Ngaundere take da makarantar koyon ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai. Ilimin yadda ake karkata bangon rami don kada ya zube yana nan a garinmu. Ya kamata ɗalibanta su riƙa fita dawa suna koya wa masu haƙa, da Hausa da Fulatanci da Bayanci.

Imani da ƙaddara bai hana kowa duba birki ba, Kawu da kansa ya faɗa. Kirana ga masu motoci da masu ramuka da masu gine-gine na garinmu: ku yi wa yaranku rajista a CNPS, ku gyara kayan aiki kafin a fita, ku ba yaro damar cewa "wurin nan ba lafiya" ba tare da tsoron kora ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.