Tsohuwar Madatsar Ruwa ta Tamale

A shekara ta 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar Arewacin Gwalkwas daga Gambaga suka kawo ta Tamale. Wurin ya yi musu daidai don yana tsakiyar ƙasa, amma babu kogi kusa da shi. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, dutsen da ke ƙarƙashin garin kuma ba ya riƙe ruwa sosai. Mutum zai haƙa rijiya mai zurfi ya tarar da ɗan tsatsafi kawai. Fataken Hausawa da suka saba da Salaga, garin da ya yi suna saboda yawan rijiyoyinsa, sun ga bambanci da suka zauna a Zangon Tamale.

Dabara ɗaya ta rage, wato a tare ruwan sama kafin ya gudu. Saboda haka a zamanin mulkin Turawa aka datse kwarin da ke gefen Gumbihini, a sashen garin da Nyanshegu da Choggu suke. Aka tara ruwan damina, ana tace shi, ana tura shi cikin gari. Har yau da sunan gidan ruwan nan ake kiran wurin. Kano ma ta yi irin wannan aiki a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai dai ita tana da kogin Challawa. Tamale kuwa sai abin da girgije ya bayar.

Gari ya girma, madatsa ta kasa. A 1972 aka buɗe matatar ruwa a Dalun, ana jawo ruwan Farin Volta daga Nawuni, tafiyar sama da kilomita 30. Daga nan hankali ya bar tsohuwar madatsa.

Mai karatu, ka lura da abin da ya faru a 2006. Ruwan famfon Tamale ya lalace, masu kai ruwa Savelugu suka rasa mai tsabta, mutane suka koma shan ruwan tafkunan da ba a tace ba. Da shekara ta kewayo kurkunu ya ɓarke a garin, yara da yawa suka kwanta, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya je ya gani da idonsa a watan Fabrairun 2007. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Gana ta rabu da cutar. Garin da bututu ɗaya ke shayar da shi, ranar da bututun ya fashe duk ruwan da aka samu shi za a sha.

A ganina wannan ya isa dalilin da ikilisiyoyinmu na Tamale za su sa baki a kan tsofaffin madatsu. Littafin Farawa sura 26 ya ba da labarin Ishaku, wanda ya sāke haƙa rijiyoyin mahaifinsa bayan Filistiyawa sun cika su da ƙasa. Tamu babu maƙiyin da ya cika ta. Laka da shara da gine-gine ne ke cinye ta a hankali. Duk da haka masu lambu suna noman latas da kabeji da alayyafo a kwarin Gumbihini da rani, kayan miyan da ake sayarwa a kasuwar Tamale, kuma kowane fili da aka yanka aka yi gini a bakin ruwan, lambun wani magidanci ne ya tafi.