Tiga da Bagauda: Yadda Kanawa Suka Sami Bakin Ruwa

Bakanon da ya tashi a cikin ganuwa bai san babban ruwa ba. Ruwan da ya buɗi ido ya gani shi ne rijiyar tsakar gida, da rafin Jakara, da kududdufan da suka samo asali daga ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Babu wanda ke zuwa bakin kududdufi shan iska. Wuri ne da iyaye ke tsawatar wa yara a kansa, musamman da damina. Hutun mutumin birni a zaure yake, ko a dandali, ko a kan Dala da Goron Dutse ranar yawon Sallah. Saboda haka al'adar mutum ya kwashi iyalinsa a mota, ya yi tafiya mai nisa don kawai ya kwana yana kallon ruwa, baƙuwa ce a Kano, kuma ana iya nuna lokacin da ta sauka.

Ta zo ne a zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Ya karɓi jiha mai cunkoson jama'a, wadda nomanta ya rataya a kan damina ta wata huɗu, koguna kuma su cika su batse a Agusta, su koma yashi kafin bazara. Dabararsa ita ce a tsare ruwan kafin ya wuce. Aka fara da madatsar Bagauda a kan hanyar Zariya, mai ɗauke da sunan Bagauda ɗan Bawo, wanda littafin tarihin sarautar Kano ya ce ya zama sarki a 999. Daga nan aka nufi Kogin Kano kansa. Tsakanin 1971 da 1974 aka tare shi a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birni, da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6. Tafkin da ya taru a bayansa yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Aikin ya zo daidai da farin da ya gasa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, don haka gwamnan bai sha wahalar fahimtar da kowa amfaninsa ba.

Noman rani da ruwan sha su ne manufar farko. Amma Audu Baƙo, wanda shi ne ya gina gidan zu na Kano, mutum ne da ya ɗauki shaƙatawa a matsayin aikin hukuma. A gaɓar Bagauda aka gina otal mai ƙananan gidaje a warwatse, inda baƙo zai kama guda ya kwana da iyalinsa. A Tiga kuma aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse, yana leƙen tafkin daga sama. Ga kwale-kwale, ga kamun kifi, ga dajin Falgore can kudu ga mai sha'awar namun dawa. Zamanin ma ya taimaka: kuɗin man fetur na shigowa, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata da dama sun mallaki ababen hawa, Turawa da Kwarori da Indiyawan masana'antun Bompai kuma suna neman inda za su yi Asabar da Lahadi. Bagauda ta zama wurin taro. A can aka yi babban taron ƙara wa juna sani kan ilimin Nijeriya a watan Satumba na 1980.

Sai dai ya kamata a tambaya: hutun na wane ne? Marinin Ƙofar Mata da ɗan kolin Kasuwar Kurmi ba su da Asabar da Lahadi, balle kuɗin ɗaki. Dattawan unguwarmu da na tambaya, mafi yawansu sunan otal ɗin kawai suka sani. Wanda ya taɓa zuwa, ko dai makaranta ce ta kai shi yawon buɗe ido, ko ya tuƙa maigidansa. Akwai kuma kallon da mutumin birni ke yi wa kalmar otal kanta a wancan lokaci, wadda ba kasafai ake haɗa ta da kamun kai ba. Ina ganin wannan ne ya sa wurin bai yi saiwa a zukatan Kanawa ba, ko da yake da dukiyarsu aka gina shi.

Waɗanda suka biya farashi mafi tsada ba su taɓa kwana a ɗakunan ba. Ƙarƙashin ruwan da baƙo ke yaba kyansa akwai gonaki da kufai da maƙabartu. An tashi dubban mutane daga ƙauyukansu aka sake musu matsuguni, aka raba su da fadamun da suka gada. Wasu suka koyi su, sana'ar da ba ta iyayensu ba. Can ƙasa kuma, a dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, musamman bayan an ƙara da madatsar Challawa a 1992. Ruwan da a da yakan zo ya janye, yanzu yana kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyinsa. Tun da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, maganar ta zama ta tsakanin jihohi.

Faɗuwar ɓangaren shaƙatawa ba ta ɗauki lokaci ba. Farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye albashin masu zuwa hutu, masana'antu suka fara rufewa, baƙin suka kama hanya. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, ta ci rayuka da gidaje da gonaki. An gyara ta, amma otal ɗin bai farfaɗo ba. Daga baya gine-ginensa suka koma reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Wanda duk ya ce maka yau zai tafi Bagauda, to, karatun lauya ya kai shi. Rock Castle kuwa ya daɗe a yashe, gwamnatoci suna ta alkawarin tayar da shi.

Abin da ya rayu shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Babban magudanar da ta fito daga Tiga har yanzu tana shayar da filayen Kadawa da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas da rani, da shinkafar Kura, da alkamar da ake shukawa da hunturu, duk daga wannan ruwa suke. Ruwan da ake saki cikin kogin kuma yana isa matatar Tamburawa, daga can ya bi bututu zuwa birni. Tsohuwar da ke Yakasai ko Mandawari, wadda ba ta taɓa ganin tafkin ba, takan yi alwala da shi ranar da famfo ya kawo.