Ɗan maraƙin Samiri a bakin masu tafsirin yanzu

Tun da makogwaro ya ajiye ni daga jan baƙi, na koma sahun baya ina sauraron yaranmu na Dingyadi. Da an iso ƙissar Bani Isra'ila sai su rabu biyu. Wani ya share komai, wai Isra'iliyyat ne. Wani ya kwaso duk abin da waya ta ba shi ya juye wa jama'a, har da launin karen As'habul Kahafi.

Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata al'ada da ban ƙara gani ba. Muddin aya yake fassarawa, Jalalaini a buɗe yake. Da zai kawo labarin da ya zo ta hanyar Ka'abul Ahbar ko Wahabu ɗan Munabbihi, sai ya rufe littafin, ya ɗora tafinsa a kai. Har tsofaffin da ba su yi zurfin karatu ba sun san cewa an fita daga nassi. Ni kuma ba ni da ikon jan aya ta gaba sai ya buɗe.

A Suratu Ɗaha ake ganin gwanintarsa. Yakan ce Attaurar da ke hannun Ahlul Kitabi, a littafin Fitowa, ta jingina ƙera ɗan maraƙin ga Annabi Haruna, Alƙur'ani kuwa ya ce aikin Samiri ne, don haka wannan ruwaya a bar ta. Amma cewa mutanen da aka tsallakar da su teku sun koma bautar zinari, nan littattafan biyu sun haɗu, kuma nan yake daɗewa: tauhidi bai zauna a zukatan Bani Isra'ila dare ɗaya ba, annabawa sun sha fama. Wani malamin makaranta ne ya taɓa karanta masa wurin daga fassarar Attaura ta Hausa ta 1932. Ya saurara har ƙarshe, bai kore shi ba.

Abin da ke ƙona mini rai, nan Bodinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala a 1231 Hijira. Ya tace Baidawi da Jawahirul Hisan na Sa'alibi kafin ya sa alƙalami. Na tambayi wani mai tafsiri a bara ko ya taɓa buɗe Liya'ut Ta'awili. Ya ce yana da shi a waya, sai dai bai kai kansa ba tukuna.