Daga Rajistar Jangali Zuwa Ɗakin Bayanai Mai Kulle

Tun zamanin Turawa mutanen ƙasar Zamfara suka san ƙidaya ba wasa ba ce. Malamin haraji ya rubuta magidanta, na jangali ya ƙirga shanu, abin da ya shiga rajista kuwa sai an biya. Shi ya sa makiyayi kan kora wani sashe na garkensa daji idan masu ƙirga sun doso. Wanda ya riƙe lissafinka ya sami iko a kanka.

Daga baya masu bincike suka zo da tasu ƙidayar, don lafiya ba don haraji ba. A 2009 aka kafa cibiyar bibiyar lafiya da yawan jama'a a Nahuche, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, kudu da Kaura Namoda. Ma'aikatanta sun riƙa bi gida-gida suna rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura na mutane sama da 100,000. Da irin wannan rajista ake gane yawan matan da ke rasuwa wajen haihuwa. To amma wa ya kamata ya ga abin da ke cikinta?

Da can ana ganin goge suna ya wadatar. A 1997 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta rushe wannan tunani. Ta ɗauki bayanan asibiti marasa suna, ta gwama su da rajistar masu zaɓe, sai ga fayil ɗin gwamnan jihar Massachusetts, William Weld. Ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa kaɗai suka tona shi. Kai ma ka gwada: a ƙauye ɗaya na Zurmi, magidanta nawa ne ke da mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai da injin niƙa? Ko babu suna, kowa ya san gidan.

Shi ya sa binciken lafiya na DHS, wanda Najeriya ta fara a 1990, kan karkatar da alamar ƙauye a taswira da gangan, har zuwa kilomita 5, kafin a saki bayanai. A Birtaniya kuma, wajajen 2003, Felix Ritchie na hukumar ƙididdiga ya fara tsara abin da daga baya ya zama sharuɗɗa biyar: amintaccen mutum, aiki mai amfani, wuri mai tsaro, bayanan da aka rage wa haɗari, da sakamakon da aka tantance. Wato bayanai ba sa fita. Mai bincike ne ke shiga inda suke ta kwamfuta, ana rubuta duk abin da ya taɓa, wani kuma ya duba jadawalinsa kafin ya fita da shi.

A Najeriya, ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa sun fito a 2007, dokar kare bayanan mutane kuma a Yunin 2023. Amma doka ba ta kulle kwamfuta da kanta. A Shinkafi da Zurmi, inda masu garkuwa da mutane ke dogaro da masu kai musu rahoto, jerin gidaje da dukiyarsu a wayar ma'aikaci ko a rukunin WhatsApp na iya jawo asarar rai. Ranar da jama'a suka daina yarda kuwa, za su ɓoye gaskiya kamar yadda kakanninsu suka ɓoye shanu, a wayi gari ana tsara asibiti da rigakafi a kan lissafin ƙarya.