Sukurun da ke raba iska da fetur: tarihin kafireta a hanyar Birnin Kudu da Gwaram

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, motar da ta mallaki titin da ya taso daga Kano ta Wudil, ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Gwaram da ƙasar Bauchi, ita ce Peugeot 504, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da yin ban kwana da ita. Doguwarta ta ɗauki fasinja, a-kori-kurarta ta kwashi buhunan gero da dawa daga kasuwar Sara. A saman injin kusan kowacce akwai kafireta, galibi ƙirar Solex, kuma a jikinta akwai wani ɗan sukuru da bai kai tsawon yatsa ba, wanda direbobi da makanikai suka yi shekaru hamsin suna gardama a kansa.

Fetur ba ya cin wuta a cikin inji sai ya gauraya da iska, kuma gauraya mai kyau tana da ma'auni: kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, idan an auna da nauyi. Kafireta tana neman wannan ma'auni ba tare da lantarki ba. Iskar da inji ke zuƙa takan bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke. A nan gudunta ke ƙaruwa, matsinta ya ragu, sai ta jawo mai daga ɗan kwanon da ke gefe ta wata ƙaramar huda da ake kira jet. A 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya fito da irin wadda ke fesa mai ta wannan hanya, kuma tushen aikin bai sauya ba tun daga lokacin.

Abin da ya sauya shi ne doka. A farkon shekarun 1990 ƙa'idojin rage hayaƙi a Turai da Amurka suka kori kafireta daga sababbin motoci, injekta da kwamfutarta suka maye gurbi. A daidai lokacin, tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa, aka koma ga tsofaffin motocin Turai masu shigowa ta Kwatano. Da yawansu injekta ne da su. Idan ta lalace a Gwaram, babu na'urar gano ciwonta, babu kayan gyaranta kusa. Sai makanikai suka yi abin da ya zama ruwan dare a Najeriya: a cire injekta, a ɗaura kafireta.

Masu kiran wannan jahilci ba su yi adalci ba. Mutumin da abincin gidansa ke kan mota yana bukatar abin da za a kwance a gindin bishiya, a wanke, a hura, a mayar kafin la'asar. Sai dai dabarar tana da farashi. Kowace kafireta an auna hudojinta ne daidai da girman wani inji. Idan aka ɗora ta a kan wani daban, ko aka sauya salansa, ko aka jefar da matatar iska, lissafin ya rushe. Wasu ma sukan buɗa jet da waya, hudar da ba ta komawa yadda take.

A nan gwanintar kunne ta samo asali. Gwani ba ya taɓa sukurun sai inji ya yi zafi, sai ya tabbatar matatar iska ba ta toshe ba, wuta kuma tana zuwa a kan lokaci. Sannan ya ɗaure shi a hankali har inji ya fara tangaɗi, ya sassauta har ƙarar ta daidaita. Filogi ne shaidarsa: baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa; fari fat, mai ya yi kaɗan; ruwan ƙasa-ƙasa, an dace. Kuma saitin ba ya dawwama. Iskar sanyin hunturu ta fi ta zafin Afrilu nauyi, ƙurarta kuma tana toshe matata. Motar da aka saita a Birnin Kudu, idan ta hau Jos mai tudun sama da mita 1,200, sai ta riƙa shan mai fiye da kima, domin iskar can ba ta da kauri.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Bukatar direba ta zama ɗaya: a matse mai. To amma wannan sukurun yana mulkin mai ne kawai lokacin da inji ke silo ko ƙafa ta ɗan taɓa totur. Da mota ta miƙi hanya, babban jet ne ke ba da mai. Matse sukurun ba ya rage wani abin kirki a tafiyar Kano. Abin da yake jawowa shi ne mutuwar inji a tsaye da wahalar tashi da safe. Wanda kuma ya rage babban jet fiye da kima, ya lafta kaya ya taka a zafin rana, inji zai ɗauki zafi har bawul ya ƙone, kuɗin gyaransa ya cinye ribar watanni. Inda mai ke zurarewa da gaske shi ne matatar da ta toshe, da cok da ya maƙale, da allurar kwanon mai da ta daina rufewa.

Fijo ta yi ƙaranci a tashoshi yanzu, amma kafireta tana nan a jikin babura da janareto da injinan ban-ruwa na fadamu, kuma a kansu yaran gareji ke koyon aikin. Akwai tarko ɗaya ga wanda ya saba da Solex: a babura da yawa sukurun iska yake ragewa, ba mai ba, don haka ɗaure shi ƙara shan mai yake yi.